Rikodar da Kaka ta Wanke

Faskari,
Janairu, 1977.

Zuwa ga Yayana Maharazu, mai gyaran rediyo a kasuwar Kankara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, ya aiki, ya kasuwa? Inna tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko Kankara ta fi Makka nisa ne, tunda Baba ya je ya dawo amma kai sau ɗaya ka leƙo mu.

Yaya, Baba bai san na rubuta takardar nan ba. Ran da ka zo yi masa barka da sauka, ka ji da kunnenka yana ba da labarin ya ga Baffa Almu a Makka, yayansa da ya tafi hajji a ƙasa tun ba a haife mu ba, wanda kowa ya daɗe da fitar da rai da shi. Abin da ba ka sani ba shi ne, da akwatin Baba ya iso daga baya sai ga rikoda a ciki, baƙa, mai hannu a sama. Ashe Baba ya sa Baffa ya yi magana a kaset don Kaka ta ji. Ya gaishe ta, ya nemi gafararta, ya ce tsufa da iyali sun riƙe shi a can. Har tsohuwar tasbaharsa ya ɗaura a hannun rikodar.

Ka san Kaka da kunyar ɗan fari. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Baffa a bakinta ba, sai dai ta ce “wancan na gabas”. Ran da aka kunna kaset ɗin a tsakar gida, yana yin sallama ta miƙe wai za ta duba kajinta. Ashe kullum in Baba ya tafi wurin awon auduga, ni kuma na tafi makarantar da nake koyarwa, sai ta ja rikodar ɗakinta ta tura ƙofa. Da laluben hannu ta koyi maɓallin, don idon nata ka san yadda ya koma.

To ba sauraro kaɗai take yi ba. In ya gama magana sai ta ɗora rikodar a babbar tasa, ta tsiyaya mata ruwan Zamzam ta ramukan da murya ke fitowa, ta tari ruwan ta shanye, kamar yadda ake wanke allo a sha rubutu. Haka ta yi ta yi har rikodar ta yi shiru, kaset ɗin kuma ya maƙale a ciki. Da Baba ya tambaye ta, ko a jikinta. Cewa ta yi, “Mi na yi? Magana in ta tsaya a kunne iska na tahiya da ita. Ni a cikina nike son ta zamna.”

Na yi dariya ran nan, amma yanzu ba abin dariya ba ne. Kaka ta rage cin abinci, tana wuni riƙe da tasbahar nan ta jikin rikodar. Na ce a kawo maka rikodar, Baba ya ce ba zai ba mai taɓe-taɓen waya muryar ɗan’uwansa ba, Funtua zai kai wa manya. Ka yi haƙuri da na faɗa maka yadda ya faɗa.

Hadi direba zai kawo maka wannan, ka ba shi amsa.

Ni ce ƙanwarka,
Zulaihatu.

*

Kankara.

Zuwa ga ƙanwata Malama Zulaihatu.

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na gode. Ina gaida Inna, ina gaida Baba ko da bai tambaye ni ba. Matata Kaka kuwa ki ce mata mijinta ya ji aikin da ta yi, kuma tun da nake sana’ar nan an kawo mini rediyon da ya sha koko, da wanda ya sha fura, da wanda akuya ta yi wa fitsari, amma ban taɓa jin wanda ya sha Zamzam ba. Nata ya fi na kowa albarka.

Yanzu ki saurara da kyau, kamar yadda kike so ɗalibanki su saurare ki. Ki cire batiran nan take. Kada wanda ya sake danna komai. Kada a shanya ta a rana, kada a kai ta kusa da murhu, kuma don girman Allah kada wani ya sa wuƙa ya ce zai ɓanɓaro kaset ɗin. Rikoda ana samun wata, amma in zaren nan ya tsinke ya cukurkuɗe, Baffa ya tafi ke nan karo na biyu.

Maganar Baba ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Mai taɓe-taɓen waya! Tun ran da na ajiye fartanya na tafi Funtua koyon aiki yake kallona kamar na shiga wasan yara. Ki zo ranar kasuwa ki ga layin da ake yi a ƙofar rumfata. Daga ƙauyukan da ko mota ba ta shiga ake ɗauko rediyo a kai a kawo mini, kuma ba wanda ya taɓa dawowa ya ce na cuce shi. Baba kaɗai ne a duk ƙasar nan bai san inda rumfar take ba.

Ya kai Funtua, ban hana shi ba. Amma na san manyan nan, a gabansu na girma. Yanzu kuɗi ya shigo gari, kowa babur kowa rediyo, sun manta da gyara. Za su juya ta sau biyu su nuna masa sabuwa a kan kanta.

Ki lallashi Kaka ta ci abinci. Ki ce mata in ta rame zan sake ta.

Yayanki,
Maharazu.

*

Faskari.

Takarda daga Alhaji Gide zuwa ga mai gyaran rediyo na kasuwar Kankara.

Bayan gaisuwa. Ga rikoda nan na ba Hadi. Ba ni na so ba, kakarka ce ta ce a kawo maka, ni kuwa ba na ƙetare maganarta. In ka san ba za ka iya ba, ka mayar mini da ita yadda take. Kada ka taɓa tasbahar da ke ɗaure a hannun rikodar. Haza wassalam.

Yaya, ni ce Zulaihatu nake ƙara wannan a bayan takardar, Baba ya fita alwala. Da hannunsa ya rubuta, ya ƙi in taya shi, ka ga yadda ya danne biro har ya huda takarda. Yadda ka faɗa haka aka yi. A Funtua sun ce masa wa yake gyara a zamanin nan, Alhaji guda, ya ɗauki sabuwa mana. Da ya ce kaset ɗin yake so, wani ya ɗauko abin ɓanɓara, Baba ya fizge kayarsa ya fito. Ya dawo gida da ita yadda take. Kaka ce ta ji ƙarar babur ɗinsa ta ce, “Gide, ka gama yawon? To kai ma mijina.” Ina ta ƙunshe dariya a bayan rumbu. Allah ya ba ka sa’a, Yaya, duk gidan nan kai muke kallo.

*

Kankara.

Zuwa ga ƙanwata Zulaihatu.

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Ki ba ni tukuici, kaset ya fito da ransa.

Na rufe rumfa wuni guda saboda aikin nan, masu jiran rediyonsu suna ta buga ƙofa ina jin su. Da na kwance bayan rikodar na ga abin da matata ta yi, sai da na riƙe baki. Ciki duk ya yi kore, wayoyi sun ci tsatsa, takardar lasifikar ta jiƙe ta bushe ta jiƙe har ta yage. Robar da ke jan kaset ta saki. Zaren kuma ya naɗe a jikin ƙarfe ya manne. Da gashin kaza na riƙa ɗaga shi a hankali, ina yi ina riƙe numfashi, har na zare shi bai tsinke ba. Na warware inda ya jiƙe, na bar shi ya sha iska a inuwa, na naɗe shi da biro na sa masa sabon gida. Ki gaya wa mutanen Funtua su zo su ga taɓe-taɓe.

Rikodar kanta na sa mata sabuwar lasifika da sabuwar roba, na canza wayoyin da suka ruɓe na like da dalma. Abu ɗaya ya gagare ni, ɗan injin da ke juya kaset, wanda muke ce wa moto. Ya ƙone ƙurmus. Na gwada duk waɗanda nake da su ba wanda ya zauna a gurbinsa, na aika Funtua babu. Irin rikodar nan alhazai kaɗai ke shigowa da ita, sai an sami ’yar’uwarta an ciro nata.

Kafin nan ga rikodar rumfata na ba Hadi, da kaset ɗin a ciki. Na kunna na ji yana magana sarai, har na ji ya ce “Inna, ki yafe mini”, na kashe don ba ni aka yi wa ba. A kai wa Kaka ta ji ɗanta yau ɗin nan. Ku dai ɓoye mata tasa.

Tasbahar tana nan inda take, ki shaida wa Baba.

Yayanki,
Maharazu.

*

Faskari.

Zuwa ga Yaya Maharazu.

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Na karanta takardarka a gaban Baba da Inna, sai dai na tsallake wajen mutanen Funtua.

Yaya, kada ranka ya ɓaci, amma abin bai yi ba. Na kai wa Kaka rikodarka ɗaki, na kunna, na juya zan fita don ta sake. Ko ƙofa ban kai ba ta ce, “Kashe. Wane ne wanga?” Na ce ai shi ne, na gabas. Ta ce, “Ƙarya kike. Wanga yaro ne mai ƙaramar murya, sai sauri yake kamar an biyo shi. Nawa muryar ubanshi gare shi.” Ta shafa rikodar ta ji ba tasbaha, ta ture ta da ƙafa.

Na ɗauka rigimar tsufa ce, na kira Baba. Ya tsaya ya saurara, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce kalmomin na Baffa ne amma muryar ba tasa ba ce, ta yi siriri. Ni ma da na natsu na ji haka. Kaka kuwa yanzu ta sa a ranta cewa ita ta wanke muryar ta shanye, abin da ya rage a kaset ɗin ɗauraya ce. Da fari tana faɗa da alfahari. Jiya na same ta tana kuka ba sauti, ta ce da ta sani da ta bar ko kaɗan. Kunu kawai take sha, shi ma sai Inna ta tsaya a kanta.

Yau da sassafe Baba ya ɗaure buta a babur. Ya ce Alhaji Mani na Sabuwa, wanda suka yi ɗaki ɗaya a Makka, shago ɗaya suka sayi rikoda iri ɗaya, kuma ya ji an ce tasa ta faɗo ta fashe. Ka san Baba bai iya roƙo ba, ko gishiri bai yarda a aro a maƙwabta. Ya tsaya a zaure ya sa na sake karanta masa sunan abin da ka ce, yana maimaitawa, moto, moto, sannan ya tafi.

Ƙanwarka,
Zulaihatu.

*

Sabuwa.

Daga Alhaji Gide zuwa ga mai gyaran rediyo.

Bayan gaisuwa. Na samu. Alhaji Mani ya ba ni ita duka da fasasshiyar fuskarta, Allah ya saka masa. Ba zan ba direba ba, hanyar nan ramuka ne. Zan kawo da kaina ranar kasuwarku. Ka gaya wa wani a tasha ya nuna mini wurin. Wassalam.

*

Kankara.

Zuwa ga ƙanwata Zulaihatu.

Assalamu alaikum. Na san kafin takardar nan ta iso Baba ya riga ya dawo, kuma na san in kin tambaye shi yadda aka yi zai ce “an gyara” ya ja bakinsa. To ni bari in ba ki labari, don in ban faɗa wa wani ba cikina zai fashe.

Ban aika kowa tasha ba, ni na je da kaina. Ya sauka daga babur da rikodar Alhaji Mani ɗaure a bayansa cikin zane kamar goyo. Muka ratsa kasuwa tana tsakiyar ci, kowa “Malam Maharazu, ya nawa rediyon?”, Baba yana biye yana jin su. Da muka isa rumfa ya tsaya a bakin ƙofa yana karanta allon sunana, ya daɗe. Na shimfiɗa masa buzu, ya ce shi a tsaye zai jira.

Na ciro moton na dasa, ya zauna daram. Na sa kaset ɗin da ya taho da shi a aljihu na kunna, sai ga siririyar muryar nan da kuka ji. Baba ya ce, “Ba shi ba ne,” ya fara laluben zanensa zai naɗe kaya. Na ce ya dakata. A nan na gane abin. Tsohon moton tun daga kanti yana da nawa, a hankali yake juyawa, kuma a haka ya ɗauki maganar Baffa. Duk rikodar da ke gudu daidai za ta ja zaren da sauri, murya ta tsuke. Kaka ba ta shanye komai ba, muryar tana nan. Akwai ɗan rami a bayan moto inda ake sa bakin sukundireba a rage masa gudu. Sai dai ni ban taɓa jin muryar Baffa ba, ban san inda zan tsaya ba.

Na ce, “Baba, hannu nawa ne, amma kunne sai naka. Ina juyawa, kai za ka ce mini ya isa.”

Zulai, sai ya zauna. A kan bencin da masu kawo gyara ke zama ya zauna, gwiwarsa tana gogar tawa, ya cire hula ya kawo kunne kusa da lasifika. Ina juyawa kaɗan-kaɗan, yana cewa, “Ƙara. Ƙara dai. A’a, ka zarce, wannan ta kakanku ce. Koma.” Mutane suka taru a ƙofa, mai nama ma ya bar tukubarsa. Muryar tana sauka tana kauri, har aka zo wani wuri Baba ya damƙe mini hannu ya ce, “Tsaya. Yaya ne.”

Bai sake ni ba har Baffa ya gama gaisuwarsa. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ran nan, kuma bai goge ba. Wani tsoho daga ƙofa ya ce, “Alhaji, ka dace da mai gyara, yaron nan ba shi da na biyu.” Baba ya mayar da hularsa ya ce, “Na sani. A gidana aka haife shi.” Ni dai na sunkuya ina neman wata ƙusa da ba ta ɓata ba.

Saura maganar Kaka da tasarta, don na san ba za ta daina ba, kuma ba ni da wani moton. Ki sa hannunta a gaban lasifika lokacin da ake magana, za ta ji iska tana bugowa. Ki ce mata mijinta ya ce ba a wanke wannan kamar allo, tofi ake yi da shi. Ta ajiye kofin Zamzam ɗinta a gaban ramukan, ɗanta ya yi mata magana a kai, in ya gama ta sha abinta.

Ki rubuto mini yadda ta yi. Ba zan iya aikin kirki ba sai na ji.

Yayanki,
Maharazu.

*

Faskari.

Takarda daga Alhaji Gide.

Bayan gaisuwa da sa albarka. Ƙanwarka ta ce za ta rubuta, na ce ta bari, wannan tawa ce.

Na kai wa kakarka rikoda. Ta shafa ta ji tasbaha. An ajiye kofi yadda ka ce. Da na kunna ban fita ba, ita ma ba ta kore ni ba. Ya yi sallama, ta amsa masa. Sannan ta ce, “Almu.” Da ƙarfi ta faɗa, har uwarka ta jiyo daga madafa. Ni da na sha nono bayansa ban taɓa jin ta kira sunan nan ba sai yau. Ta sha ruwanta, ta ce a tuƙa mata tuwo.

Tana so ta mayar masa da amsa a kaset, a ba alhazan baɗi. Ta ce ba mai danna mata jan maɓalli sai mijinta. Ka zo ranar Juma’a da kayan aikinka, rediyon liman ma yana shiru, na ce masa ya jira ka.

Kai ma ɗan fari ne, ka san abin da ya sa ban taɓa kiran ka yadda ake kiran ka ba. To tunda uwata ta kira nata, ni ma ga naka da hannuna.

Maharazu. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Alhaji Gide.